Mudun Amurka a Kasuwar Gallabat

Duk wanda ya taɓa sayen akuya ya san yadda ake gano kuɗinta ba tare da an faro daga kwabo ɗaya ba. Mai saye ya taya, mai akuya ya ce albarka. A ƙara, ya sake cewa albarka, amma muryarsa ta fara laushi. Tayi huɗu ko biyar, an kai inda za a sallama. Ba mai ɓata yawunsa a kan tayin da kowa ya san ba zai karɓu ba, domin kowane tayi daga amsar baya yake fitowa.

Wannan dabarar ce masana halayyar ɗan Adam suka ɗora wa kwamfuta don auna fargaba. An tara tambayoyi masu yawa a rumbu guda, an san nauyin kowace. Na'ura ta fara da matsakaiciya. In mutum ya nuna abin yana cin sa, ta ɗauko wadda ta fi nauyi. In ya ce babu, ta sauko. Da lissafinta ya nuna mata ta kusa da gaskiya, sai ta tsaya ta ba da maki. Bari mu kira shi awo mai bin amsa.

A shekarar 2014 Robert Gibbons na Jami'ar Shikago da abokan aikinsa suka fitar da irin wannan awo mai suna CAT-ANX. Rumbunsa tambaya 431 ne. Sun gina shi da amsoshin mutum 1,614 da aka tattaro ta wani asibitin ƙwaƙwalwa da wata cibiyar lafiya a jihar Fensilbaniya, suka ga tambaya 12, a matsakaici, ta isa ta ba da sakamakon da ya yi kusan daidai da na duka 431. Minti biyu zuwa uku an gama. Akwai kuma PROMIS, wanda hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa tun 2004. Rumbunsa na fargaba tambaya 29 ne, yakan tsaya bayan ta huɗu in ya gamsu, ba ya wuce 12. Aiki ne na masu ilimi, ban raina shi ba. Abin da nake so in lissafa shi ne kuɗinsa, domin duk inda aka ce likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci, maganar da ke biyowa ita ce a kai na'ura ta tace mutane. In ana neman wurin da wannan magana za ta yi daɗin ji, Gallabat ce.

Gallabat tana bakin iyakar Sudan da Habasha, kimanin kilomita 150 daga birnin Gadarif, ƙorama ce kawai ta raba ta da Matamma. Mahajjatan Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira Takari, su suka mai da ita mazauni tun ƙarni na 18, kuma har yau Hausawa na zaune a garuruwa da ƙauyukan jihar Gadarif. A nan Sarkin Habasha Yohanis na Huɗu ya gamu da ajalinsa a hannun dakarun Mahadi a Maris 1889. Ba sai an tono tarihi mai nisa ba ma. Daga Nuwamban 2020 'yan gudun hijirar Tigray suka cika jihar, aka zuba su a sansanonin Um Rakuba da Tunaidiba. A shekarar ne rikicin gonakin Fashaga na bakin iyaka ya sake tashi. Tsakanin Yuli da Oktoban 2022 ɗaruruwan mutane suka mutu a jihar Bulu Nayil a faɗan da ya rutsa da Hausawa, har 'yan uwansu suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala. Daga 15 ga Afrilun 2023 kuwa yaƙi ya ɓarke a Khartum, dubban mutane suka bi ta Gallabat suka tsallaka. Madani ta faɗi a Disamban 2023, Singa a ƙarshen Yunin 2024, mutanensu suka kwararo Gadarif. A Satumban 2024 mayaƙan Fano na Habasha suka shiga Matamma, aka rufe mashigar na wani lokaci. Wuta gaba, wuta baya. Ba na shakkar akwai masu ciwon fargaba a garin. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya ce kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren yaƙi yana ɗauke da wata lalurar ƙwaƙwalwa, babba ko ƙarama.

To, mu buɗe littafin lissafi, mu fara da shafin riba. Ana cewa an rage tambaya 431 zuwa 12. Amma wace ungozoma ce a ƙaramin asibitin karkara ta taɓa yi wa majinyaci tambaya 431? Abin da ke hannunta, in ma akwai, takarda ce mai tambaya bakwai da ake kira GAD-7, wadda ta fito a 2006, kyauta ce, biro kawai take buƙata. Da ita ya kamata a gwada, kuma in an gwada ba a sami ribar lokaci ko ta minti ɗaya ba. Ribar gaskiya ita ce daidaito: awo mai bin amsa yana iya bambance mai fargaba sosai da mai fargaba ƙwarai, inda takarda takan haɗa su wuri guda. Riba ce, amma ga likitan da ke bin majinyaci wata bayan wata yana duba ko magani na aiki.

Babban kuɗin kuwa a ɓoye yake, cikin nauyin tambayoyin. Na'ura ba ta san fargaba ba. Abin da ta sani shi ne yadda mutanen da aka fara gwadawa suka amsa. Daga amsoshinsu aka lissafa cewa wannan tambaya sai mai ciwo mai tsanani ke amsa ta da e, waccan kuwa kowa ma na iya amsawa. Gajartar gwajin aro ce daga waɗannan mutane. A PROMIS, maki 50 yana nufin matsakaicin Ba'amurke, 60 kuma wanda ya ɗara shi da mataki guda. Mai sayar da dawa ya san mudun wani gari ba na wani ba ne, kuma wanda ya auna da mudun da bai sani ba, ko ya cuci mai saye ko ya cuci kansa.

Sudan ta riga ta ga wannan. A 1980 aka buga sakamakon wani binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka yi a ƙasashe huɗu, Kolombiya da Indiya da Filifin da Sudan, da tambayoyi 20 iri ɗaya waɗanda ake kira SRQ. Da aka gwama amsoshi da abin da likitoci suka gani da idonsu, sai iyakar da ke raba mai lafiya da marar lafiya ta ƙi zama ɗaya. A Sudan wanda ya amsa e sau huɗu ya isa a duba shi, a Kolombiya sai ya kai sha ɗaya. Da an ɗauko mudun Kolombiya an kai Sudan, da akasarin marasa lafiya sun koma gida da shaidar lafiya. Bayan 'yan shekaru wani likita ɗan ƙasar Holan, Frank Kortmann, ya yi abin da ya fi sauƙi a Addis Ababa: ya koma wa waɗanda suka ce e, ya tambaye su me suke nufi. Ya tarar da yawa daga amsoshin ba abin da tambayar ke nema suke nufi ba. Wasu kalmar ce ta sauya ma'ana a Amharanci, wasu kuma wata buƙata ce ta kawo su, kamar takardar hutun aiki, suka amsa yadda suke ganin za a biya musu ita.

A takarda, tambayar da aka fahimta a karkace ɗaya ce cikin ashirin, kuma ma'aikaciyar da ta karanta ta sau ɗari za ta lura kowa a nan yake tuntuɓe. A awo mai bin amsa, tambayar farko ita ke zaɓo ta biyu, ta biyu ta zaɓo ta uku. Lissafin yana iya gyara kansa in an ci gaba, amma gwajin da zai iya tsayawa a tambaya ta huɗu ba shi da filin gyara mai yawa. Kuma tun da ba lalle ne mutum biyu su sami tambayoyi iri ɗaya ba, ba mai ganin inda ake tuntuɓen. Kuskuren yana fitowa da lamba mai tsabta, har da ɗigo.

Sai maganar harshe, inda na fi so mu daɗe. Wace kalma za a sa? Fargaba daban, zullumi daban. Zullumi na wanda ke jiran abin da ya san yana tafe ne, kamar mai bashin da ranar biya ta gabato. Faɗuwar gaba a jiki take, mace takan dafe ƙirji in tana faɗar ta. Taraddadi na mai shakka ne, waswasi kuma ya jiɓinci Shaiɗan, wanda aka tambaya ko yana waswasi zai iya ɗauka imaninsa ake tuhuma. Tashin hankali kuwa yana iya zama na zuciya, yana iya zama na gari. Ga kuma yawan tunani, wanda shi mutane suka fi faɗa da bakinsu: wance tunani ne ya kwantar da ita. Kowace kalma da nauyinta, kuma nauyin nan shi ne ainihin abin da na'urar ke lissafi da shi. Fassara tambaya bakwai da kyau aikin makonni ne. Fassara 431 fa? Kuma ba Hausa kaɗai ba, domin a tashar Gallabat za a ji Larabcin Sudan da Amharanci da Tigiranci da Fulatanci. Hausar can ma ta sha Larabci, ba ta Kano ba ce, kuma yaran da suka yi makaranta da harufan Larabci suka yi ta, ba da boko ba. Bayan fassara sai a nemo ɗaruruwan mutane a kowane harshe su amsa, likita ya zauna da wani kaso daga cikinsu don a san gaskiyar halinsu, sannan a sake lissafin nauyi. Wanda ya tsallake wannan mataki, fassarar fatar gwajin kawai ya yi.

Matakan amsar ma abin dubawa ne. A PROMIS ana so mutum ya zaɓa tsakanin sam, da jefi-jefi, da wani lokaci, da sau da yawa, da kullum, a cikin kwana bakwai da suka wuce. Mu ƙaddara wata dattijuwa da ta baro Singa da jikoki uku, yarinya ma'aikaciya ta durƙusa gabanta da na'ura.

"Inna, a makon nan sau nawa kika ji tsoro ya rufe ki?"

"Ai da sauƙi, 'yar nan. Mun gode Allah."

"Inna, jefi-jefi ko wani lokaci?"

"Duk yadda kika gani, sa."

Ba ƙarya ta yi ba. Wanda aka tambaya ya jiki, da sauƙi yake cewa ko da a kan gadon mutuwa. Haƙuri ado ne, kuka da ƙaddara gaban yaro abin kunya ne, ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na'urar za ta ɗauki amsar a matsayin mai sauƙi, ta sauko, ta sake saukowa, ta sallame ta. Mai ido da ya ga yadda hannunta ke rawa da yadda ta zabura da aka buga ƙofa, ya riga ya sami amsa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wani zai ce a bar ta ita kaɗai da na'urar, ta karanta mata da murya a kunne. Gaskiya ne an sha gani mutane na faɗa wa na'ura abin da suke ɓoye wa fuska, kuma na sa wannan a shafin riba, musamman ga matasa da matan da aka ci zarafinsu a hanya. Sai dai dattijuwar nan ba za ta taɓa allon ba sai da hannun wani.

Kuskuren yana bin ta ɗaya gefen ma. Ciwon fargaba, yadda likitoci suka bayyana shi, damuwa ce da ta wuce abin da ya haddasa ta, wadda ta daɗe kamar wata shida, ta gagari mai ita. Gwajin kuwa tambaya yake ko kana jin kamar wani mugun abu zai faru. Magidancin da ƙaninsa ya ɓace a Madani, gonarsa ta riɗi na bakin iyakar da ake harbi, kuɗin da ke hannunsa na narkewa kullum, in ya ce e, hankalinsa ne ke aiki. Lamba ba ta iya raba tsoron da ya dace da wanda ya zama ciwo, sai an ji labarin. Ga kuma jiki. Jihar Gadarif na cikin wuraren da cutar kala'azar ta fi yawa a Sudan, mai kawo zazzaɓi mai tsawo da kumburin saifa da ƙarancin jini. Ƙarancin jini na sa bugun zuciya da jiri da haki, haka ma zazzaɓin cizon sauro da yunwa da ciwon maƙoƙo. Tambayoyin da suka shafi jiki za su hau sama, a rubuta fargaba, alhali gwajin jini ake buƙata.

Mu yi ɗan lissafi da alƙaluman da masu GAD-7 suka bayar, tun da kowane gwajin tacewa yana da irinsu. Sun ce yana kama 89 cikin 100 na masu ciwon, yana kuma wanke 82 cikin 100 na marasa shi. A ce an tace mutum 1,000, 100 daga ciki na da ciwon da gaske. Za a kama 89. Cikin 900 da suka rage kuwa, 162 za su fito da jar alama ba su da shi. Mutum 251 ke nan a layi, kusan kashi biyu cikin uku ba nasu ba ne. Kuma wannan da mudun da aka gwada a inda aka yi shi. A ce ma awo mai bin amsa ya fi haka kyau, layin dai yana nan. Ina za su? Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Sudan, na Tijjani Al-Mahi a Umdurman da na Taha Ba'ashar a Bahri, suna inda yaƙi ya fara cin wuta. Daga Gallabat zuwa Gadarif kuɗin mota ne da yinin aiki, daga ƙauye kuma da damina baƙar laka ce mai riƙe tayar mota. Tun 1968 Wilson da Jungner suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya ƙa'idojin tace jama'a, cikinsu har da cewa sai akwai magani da wurin ba da shi. In babu, abin da ya fi kusa da mai jar alama shi ne kantin magani, inda za a miƙo masa ƙwayar sa barci irin diyazefam, wadda shigarta sauƙi, fitarta wuya. Mu a Arewa mun ga abin da ƙwayoyin nan suka yi wa matasa da matan aure. Kuma yarinyar da aka ji an ce na'ura ta gano mata ciwon ƙwaƙwalwa, maganar za ta riga ta isa gidan surukai.

Wuta da layi ba sai na tsawaita ba. CAT-ANX na cikin kayan da wani kamfani ke sayar da lasisinsu, kuma ta intanet ake amfani da shi. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a Sudan, mutane suka kasa ko da tura kuɗi ta manhajar Bankak. Ana iya gina wanda ke aiki ba layi, amma wannan ma wani kuɗin ne, da na caji, da na gyara, da na horar da wanda zai bar aikin bayan wata uku in kwangilar ƙungiyar agaji ta ƙare.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne inda amsoshin ke kwana. Takarda tana zama a akwati, ana iya ƙona ta. Amsar da aka ba na'ura tana tafiya wata ƙasa da suna da shekaru da garin da aka baro. A 2020 aka gano an sace bayanan dubban majinyata daga kamfanin Vastaamo a Finland, ɓarawon ya riƙa aika musu saƙo ɗaya bayan ɗaya yana neman kuɗi. A Janairun 2022 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta sanar an kutsa cikin bayanan mutum sama da 515,000, cikinsu har da waɗanda yaƙi ya raba da danginsu. A 2021 Human Rights Watch ta fallasa yadda bayanan 'yan gudun hijirar Rohingya suka koma hannun gwamnatin Myanmar da suka gudo wa. A gari na iyaka, lokacin da garin da ka fito kaɗai na iya jawo maka zargin haɗa kai da abokan gaba, jerin sunayen masu cewa suna tsoro ba ƙaramin kaya ba ne. Dattijuwar da ta ce duk yadda kika gani sa, ba a kan wannan ta amince ba.

Sudan na da nata gadon a wannan fage. Tijjani Al-Mahi, wanda ya buɗe asibitin jinyar ƙwaƙwalwa a Bahri a 1949, bai raina malamai da masu zar, wato borin can, ba. Ya yi nazarinsu, ya nemi a yi aiki tare. Abin da suke kira mihaya shi ne rubutun shanmu, wani reshen zar kuma zar bori ake ce masa. Can mutane ke fara zuwa, kuma ba abin da ya sa sai don ana zama a saurare su. A Zimbabuwe, Vikram Patel da abokan aikinsa sun bi ta ƙasa: suka tattara kalmomin da masu Shona ke faɗa da bakinsu, musamman wadda ke nufin yawan tunani, suka gina tambayoyi 14 daga cikinsu a 1997. Da su Dixon Chibanda ya yi aiki sa'ad da ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci su saurari masu damuwa, gwajin da aka buga a 2016 kuma ya nuna an sami sauƙi na gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ma na da tsarin zama biyar da ake koya wa wanda ba likita ba. Kuɗin na'ura ashirin da lasisi da fassara, mata nawa zai horar a garuruwan Doka da Gallabat, ya kuma biya su albashin shekara?

Akwai inda zan yi maraba da awo mai bin amsa. A asibitin Dawanau a Kano, ko na Kware a Sakkwato, ko na Barnawa a Kaduna, inda akwai likita da fayil da majinyacin da ke dawowa duk wata, gwajin da ba ya maimaita tambayoyi iri ɗaya har mutum ya haddace amsa zai yi amfani. Can ne kuma ya kamata a gina rumbun Hausa, daga kalmomin masu jinya da na iyayensu mata da ke kwana a barandar asibiti. In an gama, wanda zai kai shi Gallabat sai ya sake awo da mutanen can: matan unguwannin Hausawa, da waɗanda suka baro Madani da Singa, da leburorin Habasha da ke tsallakowa yankan riɗi a watan Oktoba. Ya kuma nuna mini ɗakin da mai jar alama zai shiga a ranar, da sunan wadda za ta zauna da shi, da wanda zai biya ta bayan ƙungiyar ta naɗe tabarmarta.